Tsinin Takobin Baba

Talata, 1 ga Satumba, 1998

Yau ma sun yi masa ƙarya, dukkansu.

Baba ya fito tsakiyar zauren da yake koyar da takobi ya yi tsayuwar tsakiya, wadda ya ƙarar da rayuwarsa yana koya wa mutanen garin nan. Hannun hagu daidai cibiya, tsinin takobi yana kallon maƙogwaron abokin karawa. Tun ina yarinya yake cusa mini cewa wanda ya riƙe tsakiya ba a shigarsa. To yanzu tsinin rawa yake yi, yana sulalewa ƙasa ta dama, ƙofa a wangale. Amma manyan ɗalibansa sai su taho da ihu, su kai sara gefe da gangan, su faɗa kan tsinin takobinsa na gora da ƙafarsu, su ja baya suna tarin ƙarya suna rusunawa. "Malam, babu ta inda za a shiga." Ƙatti da furfura a ka. Ina cikin kwalkwali ina cizon leɓe kamar in fashe.

Alhamis, 3 ga Satumba

Likita ya ce rawar hannun ba za ta tafi ba, ƙaruwa za ta yi. A hanyar gida Baba ya ce yaron bai taɓa riƙe takobi ba, me ya sani. Yaron ya ba hamsin baya.

Asabar, 5 ga Satumba

Ba gorar ce ta dame ni ba. Bikin kaka ne, ranar sha takwas ga watan gobe. Gidanmu ne ke yin saran gado, jerin saran takobin da muka gada, a gaban ɗakin bauta na kan tudu, maigida da magajinsa, da takobin ƙarfe, babu sulke babu kwalkwali. Magajin kuwa ni ce. Wuyana ne zai tsaya a gaban wannan hannu mai rawa, gari duka yana kallo. Ko ya yanke ni, ko takobin ya suɓuce masa a gaban jama'a. Ban san wanne ya fi ba ni tsoro ba.

Na tari Yaya Kuramochi da maganar a shagonsa. Shi ne babban ɗalibin Baba, ya riga ni shiga zauren tun ban zo duniya ba. Na same shi yana liƙin tayar keke, ko ɗago kai bai yi ba. Na ce ya faɗa wa Baba gaskiya, tunda maganarsa yake ji. Ya ce, "Kin san in ya juya allon sunansa a bango, shi ke nan, ba ya sake ɗaukar takobi a bainar jama'a." Kamar ni zai koya wa al'adar gidanmu. Na ce to a juya mana, allo ne, katako ne. Sai ya tsoma tayar a ruwa yana neman huji, ya ce, "'Yar Malam, kin iya sara, amma har yau ba ki iya tsayuwa ba."

Na ce ya ci gaba da liƙe-liƙensa, dama aikinsa ke nan a zaure ma. Na fito ban yi masa sallama ba.

Lahadi, 6 ga Satumba

Baba ya zubar da romo a kan tabarma. Mijina Noboru ya yi wuf ya ce shi ya bugi teburin. Har a gida ma.

Asabar, 12 ga Satumba

Mun fara gwaji da takobin ƙarfe, ni da Baba, bayan kowa ya watse. A sara na uku, inda ya kamata takobinsa ya tsaya a gaban ƙirjina, bai tsaya ba. Ya keta rigata ya shafi ƙashin wuya. Ba zurfi. Jini dai ya zubo har cikin ɗamara.

Ya gani. Na tabbata ya gani. Ya ce, "Kin matso da yawa." Wai ni na matso. Ƙafata tana kan tsagin katakon da take tsayawa tun ina budurwa.

Noboru ya wanke mini ciwon. Ya ce, "Chizuru, bari in yi wa Baba magana, ko da zai kore ni daga gidan." Na ce ya tsaya a kan awararsa, wannan ba maganar mai sayar da awara ba ce. Bai cancanci haka ba, amma shi ne a kusa.

Litinin, 14 ga Satumba

Ciwon yana ƙaiƙayi. Baba bai tambaya ba.

Alhamis, 17 ga Satumba

Na yi.

Layi ya zo kaina bayan su Kuramochi sun gama wasan kwaikwayonsu. Na rusuna, na miƙe, muka haɗa tsini. Nasa yana karkarwa a jikin nawa kamar kifi a ƙugiya. Ban kauce ba, ban yi ihun banza ba. Na bi ta tsakiya, ta ƙofar da ya koya mini in nema a jikin kowa, na sauke masa a tsakiyar ka. Ƙarar ta cika zauren. Sara ne mai kyau, ko a gaban alƙalai ba wanda zai ce uffan.

Baba ya ja baya ya rusuna mini, irin rusunawar da ake yi wa wanda ya nuna maka kuskurenka. Ya ce, "Na gode." Ya durƙusa ya kwance kwalkwalinsa, igiyar ta ƙi kwantuwa, ba wanda ya isa ya taimaka. Da ya gama ya tafi bango, ya miƙa hannu, ya juya allon sunansa. Ya fita.

Abin da nake so ke nan. Ai abin da nake so ke nan.

Juma'a, 18 ga Satumba

Ba wanda ya yi mini faɗa. Da ma sun yi.

Talata, 22 ga Satumba

Rabin manyan ɗaliban ba su zo ba. Waɗanda suka zo suna gaishe ni da ladabi mai yawa, irin na baƙuwa. Matar mai kifi, wadda ɗanta ke ajin yara, ta ba ni canji tana kallon kifin. Su da ba wuyansu aka yanka ba. In nuna musu tabon ne a tsakiyar kasuwa?

Baba yana zaune a baranda yana kallon tukwanen furanni. Yana cin abinci, yana wanka, yana ce mini "sannu da aiki" in na dawo. Mutumin da bai taɓa yi mini sannu ba tun da aka haife ni, sai dai "hannun damanki ya yi tsauri". Yanzu ya koma tsoho mai kirki. Kayan horonsa suna rataye, sun bushe ƙayau, ko warin gumi babu. Na tsani wannan kirkin.

Lahadi, 27 ga Satumba

Mai kula da ɗakin bauta ya aiko a tambaya wa zai tsaya a madadin maigida. Baba ya ce a tambayi Chizuru, ita ce mai zaure yanzu. A gabana ya faɗa, kamar ba na wurin. Na ce Kuramochi. Wa kuma?

Asabar, 3 ga Oktoba

Gwaji da Kuramochi. Mun yi saran gado daga farko har ƙarshe, tsaf, ba kuskure. Ban ji komai ba, kamar ina sara itace.

Da muka gama ya ce in ɗauki takobin katako, mu haɗa tsini. Ya ce in saki hannuna kamar na gaji. Na ce ban gaji ba. Ya ce, "Ke dai ko mutuwa za ki yi sai kin yi gardama. Saki." Na saki. Tsinina ya fara faɗuwa, sai na ji ya tsaya. Ya zura nasa ta ƙarƙashin nawa, kaɗan, ko faɗin yatsa bai kai ba, ya tallafe shi. Wanda ke kallo daga gefe zai rantse takobina a miƙe yake da ƙarfina.

Ya ce tun bara haka yake yi wa Baba. Sauran su ne masu tarin ƙarya, shi bai taɓa yi ba. Na ce duk ɗaya, ƙarya ce, yaudarar tsoho ce. Ya yi dariya, wai yaudara. "Kin ɗauka bai sani ba? Mutumin da yake jin numfashinki ta cikin gora?" Sannan ya ce, lokacin da aka fara ba ni takobi, ina 'yar mitsitsiya, gorar ta fi ni tsayi, nakan tsaya a gaban Baba ina hura hanci wai na riƙe tsakiya. "Wa kike zaton yake riƙe miki?"

Na ce ba na tunawa. Na kwashi kayana.

Ina tunawa. Ina tuna yadda gorar takan yi sauƙi da zarar ta taɓa tasa. Na ɗauka ƙarfina ne yake zuwa.

Lahadi, 4 ga Oktoba

Duk da haka ƙarfe ƙarfe ne. Tallafe tsini ba zai tsayar da sara na uku ba. Tabon yana nan. Kada wani ya ce mini ban yi daidai ba.

Laraba, 7 ga Oktoba

Na yi wa Noboru tsawa a kan ya bar buta a wuta. Ya kashe wutar, ya ce, "Ba butar ba ce." Ya koma wajen waken da ya jiƙa. Wani lokaci haƙurinsa ya fi zagi ciwo.

Litinin, 12 ga Oktoba

Ina share zaure da safe na ga allon Baba ya karkace. Na gyara shi. Wajen gyarawa sunan ya dawo waje. Ban mayar ba, hannuna da tsintsiya.

Al'ada ta ce mai allo ne ke juyawa. Ba ta ce komai a kan mai shara ba.

Alhamis, 15 ga Oktoba

Ya gani. Baba bai mayar da allon ba. Har ma Noboru ya ce ya same shi a baranda yana shafa wa takobin ƙarfe mai, yana yi yana hutawa.

Da daddare wajen cin abinci na ce, ba tare da na kalle shi ba, a buɗe bikin da maigida, Kuramochi ya karɓa daga sara na farko. Ya daɗe yana tauna. Ya ce, "Wa ya tambaye ki?" Rabon da ya yi mini magana irin ta da tun ranar nan. Na ƙara masa shinkafa.

Lahadi, 18 ga Oktoba

An yi yayyafi da safe, katakon dandamalin yana santsi. Gari duka ya hau tudu, har da matar mai kifi a sahun gaba.

Baba ya hau cikin baƙaƙen kayansa. Ya rame, ɗamarar ta zagaye shi har da saura. Muka rusuna wa ɗakin bauta, muka rusuna wa juna, muka zare. Ya tako na tako. Tun daga nesa ina ganin tsinin yana rawa yana neman ƙasa, na ji zuciyata tana bugu a tabon nan.

Muka haɗu. Na zura nawa ta ƙasa.

Ban san yana da nauyi haka ba. Duk nauyin takobin ya sauko a wuyan hannuna, da rawar, har cikin haƙorana. Sai rawar ta lafa. Tsininsa ya tsaya cak yana kallon maƙogwarona, daidai inda ya kamata. Ya miƙe ƙafaɗunsa. Idon nan nasa ya dawo, wanda nake tsoro tun ina yarinya, har na ji ƙafata tana so ta ja baya da kanta. Ba ƙarya a wannan. Da na motsa a lokacin, da ya riga ni.

Mun daɗe a haka. Mai ganga ya rasa abin yi, ya tsaya da sanda a sama. Sai Baba ya ce ƙasa-ƙasa, leɓensa ko motsi bai yi ba, "Kada ki ɗaga ni da yawa, ba gawa kika ɗauko ba."

Ya ja baya da kansa, ya mayar da takobin kube, sai da ya nemi bakin kuben sau biyu. Ya juya ya miƙa wa Kuramochi da hannu biyu. Kuramochi ya karɓa yana kuka kamar yaro, majina har gemu, da ƙyar muka gama saran. Wai shi ne zai koya mini tsayuwa.

Litinin, 19 ga Oktoba

Wuyan hannuna ya kumbura, ko tsinken cin abinci ba na iya riƙewa da kyau. Noboru yana ta murmushi, na ce in bai daina ba zai kwana a shago.

Baba ya juya allonsa da kansa da safe, sunan ya koma kallon bango. Wannan karon a miƙe yake, ba abin gyarawa.

Ban ce na yi kuskure ba. Saran nan na watan jiya mai kyau ne, kuma da ban yi ba da jiya an kwashe ɗayanmu a kan tudu. Masu tarin ƙarya kuwa har yanzu ban huce da su ba.

Da zai shiga ɗaki ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce hannun damana ya yi tsauri jiya, abin kunya a gaban mutane. Ya ce in zo zaure gobe kafin kowa ya iso, ya gyara mini. Ban ce masa to ba. Na dai fito da takubban katako biyu na jingina a bakin ƙofa, na zaɓar masa marar nauyin.