Farantin sanyin da mijina ya rasu bai ƙarasa haɗawa ba

Daga admin: wata 'yar'uwa ce ta turo, ta ce a sakaya sunanta.

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah ku ba ni shawara, musamman masu sanin harkar kwamfuta, ni dai kaina ya kulle.

Ni 'yar Maiyama ce, aure ya kawo ni Jega, unguwar Firchin. Maigidana, Allah ya jiƙansa, bidiyon biki da suna yake ɗauka, ya dawo gida ya tace a wata babbar kwamfuta da ya haɗa da hannunsa. Shi ya koya min aikin, har ta kai in bikin mata ne ni ke shiga ciki da kyamara. Damuwarsa ɗaya zafin garinmu, da bazara ta kama sai furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta ɗau zafi, ana tsakiyar aiki kwamfuta ta mutu ɗif, a koma farko.

Wata rana ya shigo da wani ɗan faranti fari, bai kai tafin hannuna ba, da waya ja da baƙa, wai feltiya sunansa. Ya jona da batir, gefe ɗaya ya yi sanyi kamar ƙanƙara, ɗaya gefen ba ya taɓuwa don zafi. Ya manna min a kumatu na yi tsalle, yana ta dariya yana cewa, "Wanga abu shi za ya raba mu da bazara, za ki gani." Ya gwada a wata tsohuwar kwamfuta, ta yi sanyi kam, amma farantin zufa yake yi, ruwa ya riƙa ɗiga a cikinta har ta ƙone. Ga cin wuta, da ya kunna sai janareto ya canza murya. Bai karaya ba, ya ce zai toshe gefunan da roba, sannan ya karɓo wani ƙaton ƙarfe mai fanka da ke janye zafi a wajen abokinsa Nafi'u, mai gyaran kwamfuta a Aliero. A hanyar zuwa karɓo ƙarfen nan motar albasa ta buge shi a kan babur. Ko asibiti bai kai ba.

Yanzu na fita takaba na koma aikin, da shi nake riƙe da ɗiyarmu. Zafi ya dawo, shekaranjiya ina tace bikin wasu kwamfutar ta yi ta mutuwa, na zauna a gabanta ina kuka kamar wata yarinya.

Nafi'u ya aiko matarsa da ƙarfen, ya ce in na yarda zai zo ya ƙarasa haɗin yadda suka tsara da marigayi, wai abin yana cin ransa. Ƙanin mijina kuwa, da ya karanci lantarki, ya ce sam. Ya ce farantin ba ya kashe zafi, kwashe shi kawai yake daga gefe zuwa gefe ya ƙara nasa a kai, kuma damina na tafe, zufar sai ta fi ta da. Wai a kakkaɓe ƙura, a shafa sabon man furosesa, a sa fanka babba, a huta. Da Nafi'u ya zo jin amsata, suka yi ta musu da ƙanin a zauren gida har murya ta tashi, ƙanin ya ce wa Nafi'u ba don shi da ƙarfensa ba da yayansa yana raye. Nafi'u ya sa takalminsa ya tafi, bai sake tako gidan ba. Inna, mahaifiyar mijina, ta ce ba ta son ganin farantin, in jefa shi a gulbi. Na ce mata to, amma yana nan cikin kayana na ɓoye.

Na san ƙanin bai yi ƙarya ba, da idona na ga waccan tsohuwar kwamfutar ta ƙone. In wannan ta lalace ba ni da wata, kuma hannun marigayi ne ya ɗaure kowace ƙusa a jikinta. Amma duk lokacin da na ce bari in haƙura da farantin, sai in ji kamar na yarda a banza maigidana ya fita ranar.

To masana, farantin nan yana da amfani a kwamfuta a irin yanayinmu, ko wahala ce kawai? Kar ku rarrashe ni, ku faɗa min gaskiya ko da za ta yi min ciwo. In kuma ba shi da amfani, da wane baki zan mayar wa Nafi'u ƙarfensa, bayan maganar da aka gaya masa a ƙofar gidana?