Na'ura a Kwali, Ungozoma Babu Horo

Zuwa ga:
Mai Girma Darakta,
Sashen Horo da Ƙarin Ilimin Ma'aikatan Lafiya,
Hedikwata.

Daga:
Jami'in lafiya mai kula da ƙaramin asibitin karkara na ƙarshen hanya.

Kwanan wata: 3 ga Yuni, 2024

Ranka ya daɗe,

GAME DA: HANA UNGOZOMARMU HORO KAN NA'URAR NUMFASHIN JARIRAI, DA TAKARDAR TUHUMAR DA AKA BA TA

Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ta dace da muƙaminka, ina neman izinin gabatar da ƙorafi a madadin ungozomar asibitinmu, wadda kowa a nan yake kira Sista. Ita ba za ta rubuta ba, domin mace ce da za a taka mata ƙafa ta ce wa mai takun sannu. Ni kuwa ritaya ta kusa, kuma babu wani lungu da ya fi wannan nisa da za a yi mini barazanar turawa. Saboda haka zan faɗi abin da ya faru yadda ya faru.

1. A ranar 9 ga Fabrairu, 2023, motar sashenka ta sauke mana babban kwali ɗauke da na'urar taimaka wa jarirai numfashi, musamman bakwaini. An manne bakin kwalin da jan tef mai tambarin sashe, aka haɗa mana da umarnin cewa kada wanda ya buɗe shi sai ma'aikacin da ya samu horo a kansa. Mun yi murna, mun kuma yarda cewa umarnin daidai ne. Sista ta share wa kwalin wuri a ɗakin haihuwa, tsakanin wurin wanke hannu da ma'aunin jarirai. Ta sa aka ɗora shi a kan bulo saboda gara, ta kawo tsohon zanenta daga gida ta lulluɓe shi saboda yoyon rufi. Ko ɗan fari ba a yi wa hidimar da aka yi wa kwalin nan ba.

2. A watan Mayu, 2023, sashenka ya shirya horon mako guda a birni, aka ware wa asibitinmu kujera ɗaya. Na tura sunan Sista. Amsar da ta dawo ita ce ba za a sake ta ba, saboda ita kaɗai ce ungozoma, kuma doka ta hana a bar ɗakin haihuwa babu kowa. Na roƙi a aiko wadda za ta riƙe mata aiki na makon, aka ce babu. Ranka ya daɗe, wannan amsar ce muke samu duk lokacin da aka yi horo, shekara goma sha uku ke nan. Asibitin birni mai ungozoma goma yana tura biyu ko uku ba a ji a jiki ba, su je su dawo da sabon ilimi. Wanda yake da guda ɗaya tal an yanke masa hukuncin zama da ilimin da ta zo da shi har ta tsufa. Sista tana karɓar haihuwa yau da abin da aka koya mata tun kafin a haifi wasu daga cikin 'yan matan da ke ofishinka. Ta san haka, yana kuma damunta, har ta kan tare duk wani baƙon ma'aikaci da ya biyo ta nan ta tambaye shi abin da aka canza.

3. Kujerar tamu ba ta zauna babu kowa ba. An ba da ita ga wani ma'aikacin jinya wanda a takarda ɗan asibitinmu ne, amma a ofishin hedikwata yake zaune, ban kuma taɓa ganin fuskarsa ba sai ranar 14 ga Yuni, 2023. Ranar ya iso cikin motar ofis, sanye da rigar da aka raba a wurin horon, sai da ya tambayi maigadinmu ko nan ne asibitin. Ya sa Sista ta yaye zanen, ya dafa kwalin, direbansa ya ɗauke shi hoto ta dama da ta hagu. Sista, baiwar Allah, ta ruga ta ɗauko almakashi da littafin rubutu, a zatonta za a buɗe a nuna mata. Mutumin ya leƙa taga ya ce hadari ya haɗo kuma hanya ba ta da kyau, zai dawo mako mai zuwa. Ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba. Tun daga ranar sunansa a wurinmu Mai Hoto, kuma har yau makon nan bai zo ba. Hoton dai yana rataye a barandar ofishinka, na gan shi da idona, an rubuta a ƙasansa cewa asibitinmu ya samu na'ura da ƙwararren ma'aikaci.

4. Ina roƙon Mai Girma ya karanta wannan sashe da kansa, kada ya bar wa magatakarda.

A ranar 21 ga Satumba, 2023, da hantsi, matar maigadinmu ta haihu a wata na bakwai. Namiji ne, ya yi kuka. Can sai numfashi ya fara yi masa wuya, ƙirjinsa yana lotsawa, yana wani ɗan nishi da duk wanda ya taɓa aikin nan ya san ma'anarsa. Sista ta ɗumama shi, ta share masa hanci, ta yi ta hura masa iska da jakar iska da ake matsawa da hannu. Kwalin yana nan taku biyu daga gadon. Ni na ce ta yanke tef ɗin, kuma ko gobe aka maimaita haka zan ce. Ta yanke, ta buɗe. Sai ga robobi kala-kala, da kwalba, da maɓallai, da littafi mai kaurin bulo. Ta tsaya da robar hanci a hannunta, domin ta san iskar da ta yi yawa tana iya fasa huhun jariri ƙarami irin wannan, ba ta kuma san inda ake tsayar da ma'aunin ba. Babu wanda ya taɓa nuna mata. Na fita da gudu zuwa gindin tankin ruwa, wurin da kawai waya take kamawa a asibitin nan, na kira Mai Hoto har sau biyar bai ɗauka ba. Daga baya ya aiko da saƙo cewa yana cikin aji, an tura shi wani horon.

Sista ta mayar da robar cikin kwali, ta ɗaura yaron a ƙirjinta, suka shiga motar haya ita da uwar, tana matsa jakar iska a cikin gargada. Kafin su kai kwalta ya cika. Maigadi ne ya buɗe musu ƙofa da za su fita, shi ne kuma ya buɗe da suka dawo.

Ban ce na'urar za ta hana ajali ba, rai na Allah ne. Abin da na ce shi ne rijiya ta bayar, guga ya hana, kuma gugan nan a ofishinka yake rataye. Sista ta yi kwanaki ba ta iya haɗa ido da maigadi, alhali shi ne yake ba ta haƙuri.

5. Da na kawo rahoton abin da ya faru, sashenka ya amsa a watan Janairu, 2024, cewa yanzu an sauƙaƙa, ana iya yin horon ta intanet daga ko'ina. Wanda ya rubuta "ko'ina" bai taɓa zuwa nan ba. Sista, da furfurarta da ciwon gwiwarta, ta riƙa tsayuwa a gindin tanki cikin rana, waya a sama, malamin yana daskarewa baki buɗe a tsakiyar magana. Sau biyu aka kira ta ɗakin haihuwa ana cikin darasi. A ƙarshe aka ce ba ta cika sharaɗin halarta ba, babu takardar shaida. Ko da ta cika, ina so a gaya mini yadda ake koyon sa roba a hancin bakwaini ta gilashin waya.

6. A ranar 6 ga Mayu, 2024, tawagar duba aiki ta zo. Ba su tambayi yaron ba. Sun tsaya a kan kwalin, suka ga tef a yanke, suka yi rubutu. Ranar 20 ga wata takardar tuhuma ta iso da sunan Sista, ɗauke da laifi biyu. Na farko, ta buɗe kayan gwamnati ba tare da shaidar horo ba. Na biyu, ta bar kayan gwamnati ba a amfani da su, abin da suka ce yana nuna rashin himmar ƙaro ilimi. Na karanta na sake karantawa, na ba mai ba da maganinmu ya karanta, ko idona ne ya tsufa. An hana ta zuwa, an tuhume ta da rashin zuwa. An tuhume ta da buɗewa, an kuma tuhume ta da rufewa, duk a shafi ɗaya, hannu ɗaya ya sa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ranka ya daɗe, wannan zalunci ne, ban sami wata kalmar ofis da zan sa a madadinta ba. Sista ta ninke takardar ta sa a aljihu, ta koma awon ciki, domin mata sun cika benci suna jira.

7. Abin da ya sa ban bar maganar ta kwana ba shi ne ɗaya daga cikin matan da ke kan bencin nan matar maigadi ce. Cikinta wata biyar. Haihuwarta biyu da suka wuce duk ba su kai wata tara ba. Za ta shiga wata na bakwai a farkon Agusta, daidai lokacin da ruwa yake yanke hanyarmu, ko motar hayar ma ba ta shigowa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bisa wannan, ina roƙon Mai Girma da girman kujerarsa:

(a) A aiko da mai koyarwa nan asibitin kafin ƙarshen Yuni, ya haɗa na'urar, ya nuna wa Sista da hannu har ta iya, ya nuna mini ni ma. In hakan ya yi wa sashe nauyi, a aiko da ungozomar da za ta riƙe ɗakin haihuwa na mako guda, Sista ta je birni.

(b) A janye takardar tuhumar. In dole sai an tuhumi wani a kan tef, sunana yana ƙasan wannan takarda.

(c) A turo Mai Hoto wurin aikinsa da shaidarsa da rigarsa, ko a cire sunansa daga cikin ma'aikatanmu, a sauke hoton nan daga baranda.

(d) Daga yau, duk kujerar horon da aka ware wa asibiti mai ma'aikaci ɗaya, ta zo tare da wanda zai riƙe aikin. Ba mu kaɗai ba ne a wannan hali.

Jiya da safe maigadi ya same ni bayan ya gama share ɗakin haihuwa, domin shi yake share gefen kwalin kullum, yana gyara masa zane. Ya cire hula ya tambaye ni ko za a koya wa Sista kafin watan iyalinsa ya kama. Na ce masa zan rubuta wa Mai Girma Darakta. Ya yi godiya, ya yi maka addu'a. In amsar a'a ce, ina roƙon kada a aiko mini da ita a ambulan, domin bakina ba zai iya faɗa masa ba. Mai Girma ya zo ya gaya masa da kansa. Ba zai sha wahalar nemansa ba, shi ne zai buɗe masa ƙofa.

Ina jiran umarninka cikin ladabi da biyayya. Allah ya ja zamanin Mai Girma.

Naka mai biyayya,

(sa hannu)
Jami'in lafiya mai kula da asibiti

Kwafi zuwa ga: Shugaban Ma'aikatan Lafiya na Yanki, Ƙungiyar Ungozomomi.