Allon Mai Doya

Litinin, 8 ga Afrilu, 1985
Ma'aikatan tsara gari sun zo da jan fenti sun yi wa allon shagona alamar kuros. Wai sabuwar doka: farin allo, baƙin rubutu, ban da hoto, kuma a manne a bango. Nawa kuwa yana tsaye a kan kwata, da ƙatuwar doyar da marigayi ƙanena Irimiya ya zana. Na gaya wa ogansu, wani Ndayako, ba zan sauke ba.

Alhamis, 11 ga Afrilu
Maƙwabta duk sun bi. Layin ya koma kamar asibiti. Matsorata kawai.

Asabar, 13 ga Afrilu
Manoman Paiko da Garatu da ke sayen iri da maganin feshi a wurina, nawa ne suka iya karatu? Kwandasta ma "Mai Doya" yake kira ya sauke su. Matata Rose ta ce in bi a hankali kada a kulle ni, a bar ta da yara. Na ce a kulle ɗin.

Talata, 23 ga Afrilu
Ndayako ya dawo da mota a kwashe allon, ni kuwa na ja benci na zauna a gindinsa. Muna cikin cacar baki sai ga wata tsohuwa tana kai-komo tana neman kemis, don an cire hoton kwalbar da take gane shi da shi. Ta tambayi Ndayako da Nufanci, ya raka ta har ƙofa. Da ya dawo muryarsa ta yi sanyi.
"Malam Ishaya, hoton ya tsaya. Amma allon ya bar kan kwata."
Na ce ko taku ɗaya ba zai matsa ba. A nan Irimiya ya kafa shi.

Juma'a, 3 ga Mayu
Ruwa kamar da bakin ƙwarya. Shara ta taru a ƙafafun allon, kwata ta toshe, ruwa ya cika shagon Nma mai aski. Shi kuwa yana ta kwasa da kwano. Gara ma ya zage ni.

Asabar, 4 ga Mayu
Na ari zarto na yanke ƙafafun da hannuna, ni da Nma muka ɗaga shi saman ƙofa. Raina ya ɓaci, har na yi hawaye. Ba don dokarsu na yi ba.
Da la'asar na tsallaka titi na duba. Daga can ma an fi ganin doyar. Wannan kam Ndayako ba zai ji daga bakina ba.