Fiffiken da Baba ya yanka ya gaza da santimita biyu

Gwaggo, don Allah ki taimake ni da shawara, ki kuma yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan, don sai na faro daga tushe za ki gane abin da ke cina. Tun yanzu in faɗa miki, ba tambaya nake ko in gyara ko in bari ba. Gyara kam sai na yi. Yadda zan yi shi ban karya zuciyar mahaifina ba, nan ne kaina ya ɗaure.

Ni ma'aikaciyar ɗakin gwajin jini ce, da aurena da 'ya'ya biyu. Shekara uku ke nan ina ƙera ɗan ƙaramin jirgin yaƙi irin na farko-farko, waɗanda aka yi da katako da ƙyalle da waya, masu fiffike hawa biyu, matuƙi na zaune kansa a waje iska na dukansa. Ba irin wanda ake saye a kwali a harhaɗa da gam ba ne. Daga zane kawai nake aiki, komai da hannu. Farfelar na sassaƙa ta daga katako falle shida da na manne, kujerar matuƙi saƙa ta na yi da zare, bindigar gaba kuma da ɗan bututun tagulla. Kowace santimita ɗaya a nawa, goma sha shida ce a na gaske. Tun bara waccan jirgin ya ƙwace teburin cin abincinmu, har maigidana ya naɗa kansa mai gadin filin jirgi, yana cin abincinsa da faranti a cinya.

Wajen Baba na gaji wannan ciwo. Shekara arba'in ya yi yana gyaran agogo, kuma a wurinsa babu wani abu wai shi kusan daidai, ko daidai ne ko a sake. Da ya rufe shago zaman banza ya fara cinsa, sai na ba shi aikin fiffiken sama. A cikin fiffike akwai wasu siraran katako a jere da muke kira haƙarƙari, su ke ba shi siffa kafin a rufe shi da ƙyalle. Guda ashirin da takwas ne, kowanne da ƙananan ramuka da ake hudawa don ya yi sauƙi, ga su sun fi wasu takardun ma sirantaka. Wata biyar ya yi a kansu, da gilashin nan na masu agogo maƙale a ido ɗaya. Ban taɓa ganin yanka mai tsafta irin nasa ba.

Mako uku da gamawa hawan jini ya buge shi. Alhamdu lillahi ya tashi, bakinsa ya dawo, amma hannun dama ya ƙi, ko cokali sai yana rawa. Tun daga nan fiffiken yake saman kabat ɗin ɗakinsa. Duk wanda ya zo dubiya sai an sauko da shi an nuna masa, Baba yana gaya masa wannan ne aikinsa na ƙarshe, kuma ya gode Allah da ya gama shi kafin hannu ya tafi.

Makon jiya na karɓo shi don in ɗora a kan sandunan da ke riƙe shi a bisa na ƙasa. Ramukan da sandunan za su shiga suka ƙi haɗuwa da su. Na auna tsawonsa, ya ba ni santimita hamsin da huɗu, alhali hamsin da shida ya kamata. Na canza rula, na sake, haka dai. Sai na ɗauko takardar zanen da na ba shi, na auna ɗan layin ma'aunin da ke gindin zanen, wanda duk mai wannan aiki ya san shi ake fara aunawa. Shi ma ya gaza. A nan na tuna: takardar asali ta fi ƙarfin injin shagon kwafi, matar shagon ta tambaye ni ko ta matse zanen ya shiga shafi ɗaya, ni kuma ina saurin komawa wajen aiki na ce ta matse. Abin da ya fi ƙona ni, ranar da na miƙa wa Baba takardar sai da ya tambaye ni ko na auna layin, na ce na auna. Ban auna ba. Shi bai kauce wa zanen ko da ƙwayar zarra ba, kowane haƙarƙari ya gaza da kusan milimita huɗu ne saboda ni.

Saura mako bakwai ƙungiyarmu ta masu irin wannan ƙira ta yi baje kolinta, kuma Baba har ya sa an goge masa kayan da zai sa. Maigidana ya ce in karkata sandunan kaɗan in sake huda ramuka, ba wanda zai ga santimita biyu. Yayana kuwa ya ce idan na kuskura na tayar wa Baba da hankali, ba ni ba shi, tunda likita ya ce a guji ɓata masa rai. Na san ƙauna ce ta sa suka faɗa. Amma alƙalan wurin da rula suke yawo, kuma ko babu su, ni na sani. Jirgin nan ba zai fita gidana a karkace ba.

Dabarar da na yanke ita ce in yanka sababbin haƙarƙari a ɓoye, in rufe da ƙyalle in shafa fenti, nasa in adana a durowa. Ba zai ga ciki ba. Har na yanka huɗu. To amma duk lokacin da na ɗauki wuƙar sai in ji kamar sata nake yi. Gwaggo, in ci gaba, ko akwai wata hanyar?

'Yar mai agogo

AMSA

'Yata, ni ban san fiffike ba sai na kaza, amma na san uba, kuma na gane irin naki daga layinki na farko. Kin gaje shi sak, har taurin kan.

Maigidanki da yayanki ba shirme suke ba. Lafiyar Baba ta fi jirgi, ta fi baje koli, ta fi alƙalai da rulolinsu. Da a ce za ki iya karkata sandunan ki yi barcinki, da na ce ki karkata. Amma kin ce ba za ki iya ba, kuma na yarda da ke, don wanda ya ba abu shekara uku yana da haƙƙin ya so shi daidai.

Dabararki ce dai ban yarda da ita ba. Ki ajiye wuƙar nan. Ki hango ranar: Baba cikin gogaggun kayansa, yana nuna wa jama'a fiffiken da babu yankansa ko ɗaya a ciki, ke kina gefe kina murmushi. Wannan ƙarya ta biyu ce a kan ta farko, kuma ta fi ta nauyi. Idan ya gano, kuma mai agogo ba ya rasa ganewa, ba santimita biyu ne zai yi masa ciwo ba. Ganin an mayar da shi wanda ake lallaɓawa ne.

Ga abin da za ki yi. Ki fara tuntuɓar likitansa, ki ji ko jikinsa zai ɗauki magana irin wannan yanzu, kada yayanki ya zama shi ne likitan. Idan ya ba ki dama, ki je da safe lokacin da Baba ya huta, da takardun biyu da rula. Ki fara da laifinki kai tsaye: kin ce kin auna, ba ki auna ba. Sannan ki riƙe masa rular ya karanta da idonsa, ya ga cewa aikinsa ya bi zanen da aka ba shi babu ko tangarɗa. Kada ki je da hukunci a hannu, ki tambaye shi yadda za a yi. Hannu ne ya tafi, ido da sani suna nan. Ke ki yanka a gabansa, shi ya duba, wanda bai yi masa ba ya mayar miki. Nasa kuma kada ya ga durowa. A sa shi a gilashi yadda yake, ba ƙyalle, a ajiye kusa da jirgin, mutane su ga abin da fenti zai ɓoye. Idan mako bakwai bai isa ba, ki haƙura da na bana.

Zai ji zafi, kada ki yaudari kanki. Amma ki tuna tun da ya kwanta kowa magana mai daɗi yake kawo masa, ba wanda ya sake zuwa masa da abin da ya lalace yana neman gyara, alhali da wannan ya rayu shekara arba'in. Ki kai masa. Idan ya ɓata rai ya wanke ki tas a kan layin da ba ki auna ba, ki sunkuyar da kai ki sha faɗanki, ki gode wa Allah a zuci, don Babanki ne ya dawo bakin aiki.

Allah ya ƙara masa lafiya, ya ba ki ƙarfin zuciyar ƙwanƙwasa ƙofarsa.

Gwaggonki