Ambulan ɗin da na karɓo jiya

Auta,

Na fita da sassafe, ban tashe ki ba. Takardar sakamakon da na karɓo miki jiya a jami'ar da za ki bari ba taki ba ce. Sunana kawai na faɗa wa ma'aikacin, ban haɗa da naki ba, ya shiga ciki ya ɗauko ambulan. Kin san ni da Turanci, sai na sa hannu na rungumo abina. A mota na buɗe, na ga hoton yayanki marigayi a maƙale, da rigar nan mai ratsin shuɗi da na ɗinka masa. Ashe shekara shida fayil ɗinsa na nan kusa da naki, a wurinsu har yau yana aji biyu. Na wuce tasharmu ban sani ba.

Da kika ce ba ki iya bi ta gaban ɗakin kwanansa na jami'ar ki tafi aji, na ce shagwaɓa ce. Ki yafe min.

Yau ake rufe karɓar masu canjin makaranta, don haka na koma in karɓo taki. Ki same ni a ƙofar sabuwar jami'ar ƙarfe sha ɗaya, da fom ɗinki. In mamanki ta tambaya, ki ce hatimi suka manta.

Hoton kam na cire, yana aljihuna, in sun ga dama su ce na yi sata. Na daɗe ina kallonsa. Auta, yanzu kin girme shi.

Babanki