Takardar da na ɓare daga allon Ma'azu

Malam Attahir, don Allah ka taimake ni da shawara, abin ya fi ƙarfina.

Ni mai gyaran rediyo ne a Tawa. Shekara shida da suka wuce, ni da aminina Ma'azu, malamin lise, wato babbar sakandare, muka haɗa wa wani ƙauye na Bambeye ƙaramar kwamfuta wadda duk kayanta ke liƙe a kan allo ɗaya, faɗinta bai wuce tafin hannu biyu ba. Ita ke kunna famfon rijiyarsu mai aiki da hasken rana, ta kashe shi in tanki ya cika ko ruwan rijiya ya ja baya. Lokacin ana ta yajin aiki, makarantu a rufe, sai ya tare a shagona. Yana danna lambobin umarnin da kwamfutar za ta bi ɗaya bayan ɗaya, ni ina liƙa wayoyi da dalma, shayi yana tafasa. In ya yi kuskure sai ya ce hayaƙin dalmata ne ya shiga kansa. Ban taɓa jin daɗin aiki kamar na kwanakin nan ba.

Ma'azu ya rasu bara. A kan ƙwaƙwalwar allon akwai 'yar tagar gilashi, ya rufe ta da takarda, ya rubuta sunayenmu biyu da hannunsa. Bayan sadakar arba'in na je duba famfon, na ɓare takardar na sa a aljihu. Wallahi na san ya taɓa gaya mini amfaninta, kewa ce ta rufe mini ido. Ashe rana na shiga ta tsagar kwanon ɗakin da allon yake, tana goge lambobin da ya zuba a ƙwaƙwalwar sannu a hankali. Yanzu famfon sai ya ga dama. Ran nan ya yi ta juyawa babu ruwa, saura kaɗan ya ƙone. Mata sun koma jan guga, suna cewa na'urar ta tsufa, ni kuwa na yi shiru.

Wata ƙungiyar agaji ta ce za ta saya mana, in zaɓa: allo sabo mai ƙarfi daga Turai, ko wani irin tsohon. Raina bai son ko ɗaya, na Ma'azu nake so ya tashi. Yaya zan yi?

Mai kewa, daga Tawa

Ɗan'uwa, Allah ya jiƙan Ma'azu. Kewarka ba laifi ba ce, amma shirun da ka yi laifi ne, don kai kana riƙe da takarda a aljihu, mata suna riƙe da igiya.

Gobe ka je ka rufe tagar, ka cire allon, ka sa wa famfon makunnin hannu, mutum ɗaya ya riƙa lura da shi. Abin da rana ta goge ba ya dawowa. Ka karanto lambobin da suka rage a ƙwaƙwalwar ka kwafe a littafi.

Na Turai yana da kyau, kuma sabo ne. Sai dai kunna famfo da kashewa ba ya buƙatar wannan ƙarfin, kuma ran da ya lalace ba ka da abin yi sai jiran wasiƙa daga can. Tambayoyinka su ne: yana jure zafin ƙasarmu ta Adar? Yana cin batir? Ana samun kayansa a Tawa ko Ƙonni? Ni da kai mun san amsar. Ɗauki irin tsohon, wanda hannunka ya sani. Na Ma'azu kuma ka ajiye a shago, ba wanda ya ce ka jefar.

Ka faɗa wa mutanen garin gaskiya da bakinka. Za su yi faɗa, su huce in ruwa ya zubo. Sannan ka rubuta kowace lamba a takarda, ka koya wa mutum biyu. Amininka gwani ne, amma ya tafi da aikin a kansa bai bar wa kowa ba. Kada ka gaje shi har a nan.

Allah ya ba ka haƙuri, ya sa albarka a hannunka.