Lissafin Damina da Geron Baba

Tambuwal

Zuwa ga Yayana Haliru,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya karatu, yaya baƙunta? Mu nan lafiya lau.

Albishirinka! Na samu bayanan ruwan sama na Fakku da Sanyinna, kuma malamina Ɗangiwa ya amince in haɗa manhajar da za ta hasashe saukar damina. Murna har ta hana ni cin abinci.

Abin da ya rage shi ne harshen kwamfuta da zan rubuta ta da shi. Malam ya kafe sai Fortran, wai da shi ya yi digirinsa. Kai kuma ka cika ni da Julia, wai gudunta ya fi na kowa. Ni ko Python na fi sani, duk da nawarsa.

Ga inda hankalina ya tashi: na yi wa Baba alfahari, shi ko ya ce bana ba zai yi binne ba, wato shuka kafin ruwa ya sauka, sai na faɗa masa lokaci. Ka san irin geronsa bai kai na shuka biyu ba.

Ƙanwarka,
Zulaihat

Kebbe

Yaya Haliru,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, kar ka yi fushi, na bar Juliarka. Daga nan gida na hau babur har Tambuwal don sauke kayan aikinta, sabis ya yanke, na dawo da ciwon baya kawai. Python kuwa yana cikin kwamfutata tuni. Kafin ya gama lissafi ɗaya Inna ta dafa wake, amma dai yana gamawa.

Lissafin ya nuna ruwan farko zai iya yaudara, fari na biye. Na faɗa wa Baba ya dakata. Da ruwan farko ya sauka, maƙwabta suka shuka, suna yi masa dariya wai ya koma ɗalibin 'yarsa. Wallahi na ji tsoro, Yaya. Sai ga sama ta ɗauke, tsironsu ya ƙone, har na tausaya musu.

Jiya aka yi ruwa mai ƙarfi. Da safe Baba ya tafi da ni gona. Ya sari ramin farko, ya miƙo mini ƙwaryar iri, ya tsaya yana jira in zuba. Na zuba ina hawaye.

A gaida abokan karatu.

Taka har kullum,
Zulaihat